Shin Tsohon Gidan Ƙasa Yana Da Wata Daraja?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Shinkafi, ya rubuto cewa sun gaji tsohon soron kakansu, 'yan'uwansa kuma sun matsa a rushe shi a yi na bulo. Yana tambaya, shin gidan ƙasa yana da wata daraja da za ta sa a bar shi?

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka. A gaskiya yana da daraja, kada ku yi gaggawar sa masa diga.

Bari mu ba ka misali da Kano. A unguwar Nasarawa akwai wani gida da ake kira Gidan Ɗan Hausa. Nan ne wani Bature mai suna Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Shi wannan gida na ƙasa ne, tubali da azara, aikin maginan Hausa. Yau ya haura shekara 100, an mai da shi gidan tarihi, baƙi na zuwa kallo. Haka ma Gidan Makama, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Ko a Ingila haka abin yake. Akwai gidajen jan bulo da aka gina tsakanin 1714 da 1830, zamanin sarakunansu masu suna Joji. Da yawansu hukuma ta sa su cikin rajista, ko mai gidan ba shi da ikon rushewa sai da izini.

To me ke ba gida irin naku daraja? Na farko, kaurin bango. Katangar tubali takan tsare zafin rana, shi ya sa za ka ga cikin soro da sanyi da bazara, da hunturu kuma da ɗumi. Ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa, kai ma ka san yadda yake a watan Afirilu. Na biyu, azarar giginya ba ta saurin ruɓewa, gara ma ba ta cika cin ta ba. Na uku, gwaninta. In zaurenku na da ɗaurin guga ko zanko, to ku sani maginan da suka iya wannan aiki sai raguwa suke yi, ko a Ƙauran Namoda da Zurmi.

Amma fa ginin ƙasa ba ya son sakaci, ruwa ne babban abokin gabansa. Kafin damina ta faɗi, ku hau ku share rufi, ku gyara indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Ku sake yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Kada ku yi wa bangon ƙasa filasta da siminti, don laima takan taru a ƙarƙashi ta cinye ginin ba ku sani ba.

Shawararmu ita ce ku kira tsohon magini ya duba. In bango ya tsage har ƙasa ko azara ta karye, ku fitar da iyali daga ɗakin tukuna, rai ya fi gini. In kuwa da sauran ƙarfinsa, ku bar zauren da soron, ku yi ɗakunan bulo a filin da ya rage. Da haka kowa ya samu abin da yake so, zumunci bai ɓaci ba.

Da fatan mun gamsar da kai. A gai da mutanen Shinkafi.