Zafin jikin yaro saƙo ne: abin da bincike ya gano game da masassarar cizon sauro

Da damina ta kankama, ruwa ya kwanta a kwarin Tarka da na Majiya, gidajen likita na Madawa, Buza da Keita a jihar Tawa kan cika da iyaye mata goye da yara masu zafin jiki. Mutane da dama na ɗauka ƙwayar cutar ce ke ƙona jikin yaro. A gaskiya jikin ne da kansa yake hura wutar.

Ƙwayar cutar da sauro ke zubawa tana hayayyafa cikin jajayen ƙwayoyin jini, sannan ta fasa su kusan kowane kwana biyu. Da sun fashe, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, sai su saki wasu ƙananan sinadaran furotin da ake kira sitokin. Aikinsu kamar na mai shela ne: su kira sauran dakaru, su kuma sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki. Ɗaya daga cikinsu shi ne TNF.

Da can nazarinsu na da wuya, saboda ɗan abin da ke cikin jini bai taka kara ya karya ba. Na farko da ya shahara, intaferon, an gano shi a Landan a 1957, amma shekara da shekaru sai an tara jinin jama'a da yawa kafin a tace kaɗan. A 1980 masana a birnin Zurik na Suwizalan suka ɗauki umarnin gado na intaferon daga jikin ɗan Adam suka dasa shi cikin bakteriya, ita kuwa ta shiga sarrafa shi tana yaɗuwa kamar yisti a cikin ƙullu. A 1984 aka yi wa TNF haka. Yau ɗakunan gwaje-gwaje na sayen waɗannan sinadarai a 'yan kwalabe, su zuba wa ƙwayoyin jiki su ga abin da zai faru, ko su yi ma'auni da su wajen auna jinin majinyaci. Na bincike ne, ba a sayar da su a kantin magani.

Da TNF ya samu a wadace, aka gwada shi a kan masu ciwon daji, sai ga su da zazzaɓi, rawar sanyi da ciwon kai, tamkar masu masassara. A 1990 bincike a ƙasar Gambiya ya nuna yaran da masassara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa har suka rasu sun fi sauran yawan TNF a jini. Daga nan aka gwada maganin da ke toshe shi. An ga yana rage zafin jiki, amma babban gwajin da aka bayyana a 1996 ya nuna bai rage mutuwa ba.

Darasin ya shafi kowane gida. Farasitamol na sauke zafi, amma ba ya kashe ƙwayar cutar. Tana nan tana ƙaruwa yayin da iyaye ke ganin yaro ya samu sauƙi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a kai yaro awon jini cikin awa 24 da fara zafin jiki, a kuma shanye maganin kwana uku ko da ya tashi yana wasa. Haka nan kar a tsallake maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata lokacin damina ga yara masu wata 3 zuwa 59. Idan yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ya yi barcin da ba a iya tada shi, a tafi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne.