Yaran Sikila Da Shanyewar Ɓarin Jiki: Binciken Da Aka Yi A Ƙofar Gidanmu

Shekararta bakwai lokacin da abin ya same ta. 'Yar ƙanwata ce, yarinya mai surutu da son makaranta, wadda aka haifa da ciwon amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Wata safiya ta tashi bakinta ya karkace, hannunta na dama ya saki, magana ta harɗe. Mu da ke gidan, har da ni da ake ganin na yi boko, babu wanda ya kawo shanyewar ɓarin jiki a ransa, domin a saninmu wannan ciwo ne na dattawa masu hawan jini. Aka ce shafar iska ce. Kwana uku muka yi ana hayaƙi da tofi kafin mu kai ta asibiti. Ta rayu, amma har yau tana jan ƙafa, kuma da hagu ta sake koyon riƙe alƙalami.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da likita ya yi mana a ranar: “An taɓa auna mata gudun jini a kai?” Ba mu taɓa jin akwai irin wannan awo ba. Daga baya na bibiyi zancen, na tarar da cewa masana sun daɗe da gano hanyar hango wannan musiba tun kafin ta auku, kuma wani muhimmin ɓangare na binciken a Kano da Kaduna aka gudanar da shi.

Ga yadda abin yake. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su riƙa gurzar bangon jijiyoyin jini. A hankali manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sai su ƙuntace, wata rana su toshe, sashen ƙwaƙwalwar da suke ciyarwa ya mutu. Wani dogon nazari da aka yi a Amurka, wanda likita ɗan ƙasar Ghana, Kwaku Ohene-Frempong, ya jagoranci wallafa sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa kimanin kashi 11 cikin 100 na masu sikila mai tsanani sukan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara 20. Idan mai karatu ya tuna cewa ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya, zai gane girman abin da ke gabanmu.

Hikimar awon kuwa mai sauƙin fahimta ce. Duk wanda ya taɓa danne bakin tiyon ban-ruwa da yatsa ya san ruwa kan ƙara gudu idan hanyarsa ta matse. Haka jini yake. Akwai na'urar da ake kira Dopla, wadda ake ɗora kanta a gefen goshin yaro, ta aika sauti ta cikin ƙashi, ta auna saurin jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu yanka, babu zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya ko ya zarce, yaron yana cikin haɗari babba. A gwajin STOP da Dakta Robert Adams ya jagoranta a Amurka, wanda shi ma aka wallafa a 1998, an raba yara 130 masu irin wannan gudun jini gida biyu. Cikin waɗanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, ɗaya ne kawai ya shanye. Cikin ɗaya rukunin kuwa, yara 11. Wato haɗarin ya ragu da sama da kashi 90 cikin 100. Tun daga nan aka ba da shawarar a riƙa auna kowane yaro mai sikila sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16.

Sai dai maganin da ya yi wa Amurka daidai bai yi mana ba. Ƙarin jini kusan kowane wata, shekara da shekaru, a ƙasar da ko mai haihuwa sai dangi sun bazama neman leda ɗaya, abu ne da ya fi ƙarfin talaka. Ga tsadar tantance jinin, ga kuma sinadarin ƙarfe da ke taruwa a hanta da zuciya, wanda fitar da shi yake buƙatar wani magani mai tsada. Saboda haka ilimin ya zauna a littafi, yaranmu suka ci gaba da shanyewa.

A nan ne likitocinmu suka yi tambayar da ta dace da halinmu: shin akwai ƙwayar da za ta maye gurbin ledar jini? Akwai wani tsohon magani mai suna haidiroksiyuriya, wanda ke sa jiki ya koma ƙera irin sinadarin jinin da jariri yake da shi a cikin mahaifa, wanda ke hana ƙwayoyin lanƙwashewa. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala Muhammad, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gudanar da gwajin da aka kira SPRING. Yara 220 ne suka shiga, 'yan shekara 5 zuwa 12, dukansu masu gudun jinin da ya haura ƙa'ida. Rabi aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jiki kullum, rabi kuma miligiram 20. Sakamakon da aka wallafa a 2022, da sunan Dakta Shehu Abdullahi a kan gaba, ya nuna cewa bayan bibiya ta sama da shekara biyu, yara 8 ne kacal suka shanye: 3 a rukunin farko, 5 a na biyu. A ƙididdigar shekara, ƙasa da 2 ke nan cikin 100, alhali a gwajin Amurka waɗanda ba a yi wa ƙarin jini ba sun kai kusan 10 cikin 100. Waɗanda suka sha mafi yawa kuma sun fi samun sauƙin kwanciya asibiti. Kafin wannan, gwajin REACH da aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, aka wallafa a 2019, ya tabbatar da cewa yaran Afirka suna jure maganin, yana kuma rage musu ciwon ƙashi, da buƙatar ƙarin jini, da zazzaɓin cizon sauro, da mace-mace.

Na san akwai mai karatu da zai ji kalmar “gwaji” ya ɗaure fuska, kuma ba zan ga laifinsa ba. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya zabura. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙin allurar shan-inna a 2003. To amma darasin da na ɗauka shi ne mu san sharuɗɗan bincike nagari, mu tsaya a kansu: a yi wa iyaye bayani da harshensu, su amince ba tare da tilas ba, su san suna da ikon janyewa, kwamitin ɗa'a ya sa ido, kuma tambayar da ake neman amsarta ta zama tamu. Al'ummar da ta rufe ƙofarta ga bincike gaba ɗaya za ta dawwama tana shan maganin da aka auna da jikin wasu, a yanayin da ba nata ba.

Yanzu ƙwallon yana ƙafar hukumomi. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 za ta taimaki waɗanda ba a haifa ba tukuna, amma waɗanda aka riga aka haifa fa? Ya kamata kowane babban asibiti ya mallaki na'urar Dopla, a horar da ma'aikatan jinya su sarrafa ta, tun da ƙwararrun likitocin hoto ba su wadata ba. A sa haidiroksiyuriya cikin magungunan kyauta ko na inshorar lafiya, domin uban da ke neman na tuwo ba zai jure sayen magani kullum ba. Masu hannu da shuni su tuna cewa sayen irin wannan na'ura ga asibitin garinsu sadaka ce mai gudana.

Ku kuma iyaye, ku tambayi likita wannan awo da bakinku. Kada ku sayi maganin a kemis da kanku, domin yana iya rage ƙwayoyin jini, sai an riƙa gwaji ana lura. Idan kuma kuka ga bakin yaro ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ku yi addu'ar a kan hanyar asibiti. Kwana ukun da muka ɓata ba za su dawo ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu amfana da abin da masana suka gano.