Na'urar da Ke Amsa Tambaya Ta Daina Mantuwa: Hattara da Abin da Kake Gaya Mata

Tun da ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shiga wayoyin jama'a, daga ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi har zuwa 'yan kasuwar da ke kai da kawo tsakanin Ɗan Isa da Jibiya. Da yawa na ɗauka cewa da zarar an rufe hira, magana ta wuce. A da haka ne, amma yanzu lamarin ya sauya, kuma ya kamata mutanen Madarumfa su san yadda ya sauya.

Ita wannan na'ura an horar da ita ne da tarin rubuce-rubuce har zuwa wani lokaci. Abin da ya faru bayan nan ba ta san shi ba, haka ma abin da ba a taɓa rubutawa ba. Matsalarta ita ce ba kasafai take cewa ba ta sani ba, sai ta shirya amsa mai daɗin ji. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dalar Amurka 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ta ƙago, waɗanda ba a taɓa yin su ba.

Don rage wannan ne masana suka haɗa mata rumbu a waje. Dabarar, wadda masu bincike na Facebook suka yi bayaninta a 2020, ga yadda take: ana yanka takardu gutsure-gutsure, a ba kowane gutsure lambobi gwargwadon ma'anarsa, a adana. Idan ka yi tambaya, sai manhajar ta fara lalubo gutsattsarin da suka dace, sannan ta gina amsa a kansu. Daga baya aka ƙara ɓangare na biyu, wanda bayananka kai kanka ake ajiyewa a ciki. A Fabrairun 2024 kamfanin OpenAI ya fara ba ChatGPT damar riƙe bayanan mai amfani da ita, a Afrilun 2025 kuma ta fara waiwayar tsofaffin hirarraki.

Amfanin wannan a fili yake. Da za a zuba takardun cibiyar binciken noma ta INRAN da na ƙungiyar RECA a irin wannan ma'ajiya, manomin Jiratawa zai iya tambayar maganin tsutsar da ta kama masa zogale, a ba shi amsa daga binciken da aka yi a ƙasarsa. Ƙungiyar Digital Green ta riga ta yi irin wannan ga manoma a Indiya da Kenya da manhajarta Farmer.Chat.

To amma abin da aka zuba a rumbu shi ake ɗiba. A Mayun 2024 manhajar binciken Google ta shawarci mutane su zuba gam a abincin pizza, domin ta tsinto maganar daga wata tsohuwar zolaya da wani ya rubuta a intanet. Mu kuwa namu haɗarin ya fi, tunda rubutun Hausa bai da yawa a intanet, labarin ƙauyukanmu kuma ya fi ƙaranci. Ka tambaye ta farashin gero a kasuwar yau, ko tarihin waliyyai 99 da ke kwance a kewayen tafkin Madarumfa, in babu wanda ya ajiye mata sahihin bayani, tana iya kawo maka sunaye da lambobi marasa tushe. Haka kuma a 2024 wani mai binciken tsaron kwamfuta ya nuna cewa ana iya ɓoye umarni cikin takarda ko shafin intanet, na'urar ta karanta, ta riƙe ƙarya a matsayin gaskiya game da mai wayar.

Babban abin tsoro shi ne sirri. Kowa ya san halin da garuruwan bakin iyaka irin su Gabi da Ɗan Isa suka shiga na satar shanu da garkuwa da mutane don kuɗin fansa. Mutumin da ya gaya wa manhaja yawan dabbobinsa, da ranar da zai karɓo kuɗi, da hanyar da yake bi, ya tara bayanin a wuri guda. Duk wanda wayar ta faɗa hannunsa a buɗe, ɓarawo ne ko mai aro ko wani a wurin caji, tambaya ɗaya ta ishe shi. Kamfanonin ma suna kuskure: a Maris na 2023 wata tangarɗa ta sa wasu masu amfani da ChatGPT suka ga kanun hirarrakin wasu.

Don haka a kiyaye waɗannan:

Kada a rubuta mata lambar sirri ta asusun kuɗi, ko hoton katin ɗan ƙasa, ko yawan dukiya, ko ciwon wani da sunansa.

A shiga saitin manhajar a duba abin da ta riƙe, a goge wanda ba a so, ko a kashe ajiyar gaba ɗaya. Goge hira ba lallai ya goge abin da ta riƙe daga hirar ba.

A sa wa waya makulli, kuma kada mutum biyu su yi tarayya a asusu ɗaya.

A riƙa tambayarta inda ta samo magana, a buɗe tushen a gani da ido. Batun magani a koma wa likita, na addini a koma wa malamai, na gona a koma wa malamin gona.

Doka ma tana bayan ɗan ƙasa. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma hukumar HAPDP aka ɗora wa alhakin sa ido a lokacin. Duk wata ƙungiya ko ma'aikata da ta zo karɓar sunaye da lambobin waya don zubawa a irin wannan ma'ajiya, kana da ikon tambayar me za a yi da su, wa zai gan su, da yadda za a cire naka in ka fasa. Wanda ya kasa amsa waɗannan tambayoyi uku, kada a ba shi komai.