Ƙwayoyin Cutar da Suka Daina Jin Magani

A shekarar 1928 wani masani mutumin Sikotilan, Alexander Fleming, ya gano fenisilin a wani asibiti a birnin Landan. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu maganin nan ya ceci sojoji masu yawa waɗanda raunukansu suka ruɓe. Amma a 1945, sa'ad da aka ba shi lambar girma ta Nobel, shi da kansa ya yi gargaɗi cewa wanda ya sha maganin ƙasa da ƙima, koya wa ƙwayoyin cuta jure masa yake yi.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin bakteriya a jikin majiyyaci dubbai ne bisa dubbai, ƙarfinsu kuwa ba ɗaya ba ne. In magani ya shiga, raunana su ke fara mutuwa. Masu taurin kai su saura, su hayayyafa, har su ba waɗansu ƙwayoyi wannan hali nasu. Ran da ciwon ya komo, sai a tarar maganin jiya ba ya cin su. Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum wajen miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda irin waɗannan ƙwayoyi.

Abin bai tsaya ga ɗan Adam ba. Akwai wani tsohon magani, kolistin, wanda likitoci ke ajiyewa sai sauran sun gaza. A ƙasar Sin an daɗe ana zuba shi cikin abincin dabbobi don su yi saurin ƙiba. A 2015 masu bincike suka bayyana cewa sun sami ƙwayoyin da ba sa jin kolistin a jikin aladu, da naman kasuwa, da majiyyata a asibiti. A 2017 hukumar ƙasar ta hana ba dabbobi shi don ƙiba. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa tun 2006 suka hana irin wannan kiwo.

To, mu ma nan ba mu tsira ba. Ana sayar da kafso a faifai ran kasuwa, mutum ya sayi biyu don mura, alhali irin maganin nan ba ya taɓa ƙwayar mura. Makiyayi ya yi wa saniya allura da ka, washegari ya tatso nononta a kai kasuwa, da sauran magani a ciki.

Saboda haka, ku malaman makaranta da akawuna, ku jama'a ke tambaya, ku faɗa musu: kada a sha sai likita ya rubuta, a kuma sha yadda ya ce. Dabba a kai ta ga likitan dabbobi, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sha nononta ko a yanka ta. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.