Sanyin Waje Ba a Jiran Hantsi

Bakano ya san sanyi, amma a matsayin baƙon safiya ya san shi. A tsakiyar hunturu, ma'auni kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 da asuba, a makara buɗe shaguna a Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, hantsi na ɗagawa kowa ya tuɓe rigar sanyi. Dabararmu ita ce jira. Wannan dabara ce ke fara cutar da wanda ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa ƙasar da zai kwashe wata huɗu ko biyar cikin sanyi, ɗalibi ne a Ingila ko Rasha, ko ɗan kasuwar Fagge mai jiran kayansa a birnin Yiwu na ƙasar Sin. Can ba hantsin da za a jira.

Kafin sanyi ya kayar da baƙo, duhu ne ke fara kayar da shi. A Kano yini ba ya gaza awa 11 ko a Disamba. A Landan kuwa, ranar 21 ga Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kuma ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. A Mosko hasken bai fi na awa 7 ba. Azahar da La'asar da Magariba sukan taru cikin awa huɗu, duk a lokacin aji ko aiki. Wanda ya saba kiran salla ke raba masa yini sai ya koma bin agogo: ya nemi jadawalin masallacin unguwa, ya san ɗakin da zai yi salla a makaranta, ya kuma tambayi malaminsa hukuncin shafa a kan huffi tun yana gida.

Ƙarancin haske na taɓa jiki da zuciya. Akwai kasala da yawan barci da ƙuncin rai da ke zuwa da wannan lokaci, likitan ƙwaƙwalwa Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka bayyana shi a Amurka a 1984. Ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Abin da ke taimakawa shi ne fita waje da tsakar rana kullum, ko da gari ya lumshe, da tsayar da lokacin kwanciya da tashi. Idan abin ya yi nauyi, a ga likita. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana shawartar jama'a su sha maikirogiram 10 na bitamin D kullum a kaka da lokacin sanyi, masu baƙar fata kuma duk shekara, domin fatarmu tana buƙatar rana mai ƙarfi kafin ta samar da shi.

Batun sutura mai sauƙi ne. Riga uku marasa nauyi, ta ciki mai kama jiki, ta ulu, sannan ta sama mai tare iska da ruwa, sun fi jibgegiya guda, don ana shiga gini mai ɗumi sai a rage. 'Yan gwanjon Ƙofar Wambai na da rigunan da za su yi makon farko. Takalmi mai riƙe ƙasa a kan ƙanƙara kuwa gara a saya a can.

Ga gargaɗin da ya fi kowane: kaskon gawayi ya tsaya a gida. Ɗakunan ƙasashen sanyi a toshe suke ruf, gawayi kuma na fitar da iskar guba marar wari marar launi, mai kashe mutum cikin barci. Masu zuwa Sin su lura da wannan musamman, domin ɗumama gidaje na gwamnati a arewacin kogin Huai ya tsaya. Yiwu tana kudu, sanyinta mai laima ne, yakan bi mutum har gado. A nemi masauki mai na'urar ɗumi. A kuma duba kalanda, don bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, yana rufe kasuwa da masana'antu na makonni, baƙo ya zauna yana cin uwar kuɗi.

Saura kaɗaici. Rayuwarmu a waje take: majalisa, teburin mai shayi, sahun masallaci. Can kowa na bayan ƙofarsa, zumunci sai an sa masa rana. A riƙi Juma'a da ƙungiyar 'yan gida, a haɗu a tuƙa tuwo ko sau ɗaya a mako. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji ba su da nauyi a jaka, amma kilishi a bar shi, Birtaniya da Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama. Kiran gida yana da daɗi, sai dai wanda ya raba dare a WhatsApp zai wayi gari bai san maƙwabcinsa ba.

Don haka kafin a biya kuɗin jirgi, a tambayi wanda ya riga zuwa abu uku: ƙarfe nawa rana ke faɗuwa, da me ake ɗumama ɗakin kuma wa ke biya, sannan ina masallaci mafi kusa.