Yadda za ka hana kare lasar mikinsa har ya warke

Mai karatu, idan kana da kare mai gadin gida, ko garka, ko garken dabbobi, ka san cewa wata rana zai dawo maka da rauni. Ƙaya tana yankarsa, waya tana yankarsa, haka ma tsohon gwangwani. Wani lokaci babur ne zai buge shi, wani lokaci kuma faɗa ne da ƴan'uwansa karnuka. Da zarar ya samu wurin kwanciya, sai ya shiga lasar wurin. Mutane da yawa sukan ce a ƙyale shi, ai harshen kare maganinsa ne. Wannan magana ta sa ƙaramin rauni da ya kamata ya warke cikin mako biyu ya zama gyambo na wata da watanni.

Shin miyan kare magani ne?

Akwai ƴar gaskiya a cikin maganar, amma ba ta da yawa. Lasar farko tana cire ƙasa da ƙazanta daga bakin raunin. A cikin miyau kuma akwai wasu sinadarai da ke rage ƙarfin wasu ƙwayoyin cuta. Iyakar amfanin ke nan.

Ka tuna abin da kare yake sa wa bakinsa a wuni guda. Yana cin mushe, yana tonon juji, yana lasar gindinsa. Bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma duk lasa ɗaya tana kai su cikin nama. Ban da haka, harshe yana goge wurin. Lokacin da miki ya fara warkewa, jiki yana shimfiɗa sabon nama ja mai laushi, sannan sabuwar fata ta riƙa tahowa daga gefe zuwa tsakiya. Wannan fata ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba. Abin da jiki ya gina da rana, harshe yana rushe shi da dare. Idan likita ya yi ɗinki, kare yana iya tsinke zaren da haƙoransa cikin ƴan mintoci.

Akwai wani abu da yake ruɗin masu karnuka. Bayan kwana uku ko huɗu sai su ga wurin ya fara kyau, sai su saki jiki. Alhali a daidai lokacin ne miki yake fara ƙaiƙayi, lasa kuma ta ƙaru. Kare yana lasa saboda ƙaiƙayi, lasar tana ƙara ɓata wurin, ɓacin wurin yana ƙara ƙaiƙayi. Shi ya sa kakan ga wani kare da miki mai kauri, marar gashi, a gaban ƙafarsa, wanda ya ƙi warkewa. Tsawa da duka ba sa hana shi. Zai jira ka yi barci. Abin da yake aiki shi ne ka sa wani abu tsakanin bakinsa da mikin.

Da farko ka wanke wurin

Kada ka rufe miki da ƙazantarsa. Ka tafasa ruwa lita 1, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi 2, ka bari ya huce. Ka nemi wani ya riƙe maka karen. Ko kare mai sanyin hali yana iya cizon ubangidansa idan ya ji zafi, don haka ka ɗaure masa baki da tsumma mai laushi, na ƴan mintocin wankin kawai. Ka sa safar hannu, idan babu ka sa leda mai tsabta. Ka rage gashin da ke kewaye da raunin da almakashi, sannan ka kwarara ruwan gishirin a kai har ƙasa da ƙazanta su fita. Idan kana da Betadine, ka haɗa kashi 1 nasa da kashi 9 na tafasasshen ruwa, har ya yi kalar shayi marar ƙarfi, ka shafa. Ka yi haka safe da yamma. Idan ka gama, ka wanke hannunka da sabulu.

Kada ka zuba baƙin man mota, ko kananzir, ko toka, ko kashin shanu, ko garin batir, ko maganin ƙwarin gona. Suna ƙona sabon nama, kuma kare zai lashe su ya haɗiye. Kada ka ba shi ƙwayoyin ciwon jiki na mutane da ake sayarwa a kasuwa. Ibuprofen da diclofenac suna yi wa kare rauni a ciki, suna lalata masa ƙoda. Ko farasitamol yana yi masa illa idan ya wuce ƙima.

Mazurarin wuya

Hanyar da ta fi kowace tabbas ita ce a sa wa kare wani abu mai kama da mazurari a wuya. Ƙaramin bakin yana wuyansa, babban bakin yana kewaye da fuskarsa. Yana gani, yana numfashi, yana ci yana sha, amma bakinsa ba ya isa jikinsa. Da Faransanci ana ce masa kolaret, idan za ka tambaya a wurin masu sayar da maganin dabbobi. Da Ingilishi kuwa an ba shi sunan sarauniyar Ingila Elizabet ta farko, wadda ta yi sarauta daga 1558 zuwa 1603, domin a zamaninta manyan mutane suna sa rigar da wuyanta ya buɗe haka. Ba sai ka saya ba. Kana iya yin naka a gida.

Idan kana da tsohon bokitin roba marar nauyi, ka yanke gindinsa daidai yadda kan karen zai shiga. Ka naɗe bakin da ka yanke da tsumma don kada ya yanke masa wuya. Ka huda ƙofofi huɗu a kewaye, ka zura guntayen tsumma, ka ɗaure su a jikin wani tsumma mai faɗi da ke wuyan karen.

Idan babu bokiti, kwali mai ƙarfi ya isa. Ka yanka shi zagaye kamar faifai. Ka yanke rami a tsakiya wanda ya ɗan fi wuyan karen faɗi. Ka tsaga kwalin daga gefe zuwa ramin, ka kewaya wuyan da shi, ka ɗora gefe ɗaya bisa ɗaya, ka ɗinke da zare mai ƙarfi. Kwali ba ya jimre ruwa, saboda haka da damina robar tsohuwar jarka mai laushi ta fi, muddin ba ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man fetur ba.

Awo biyu ne za ka kiyaye, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke kuskure. Na farko, tsawon mazurarin ya wuce ƙarshen hancin karen da santimita 3, wato kamar faɗin yatsu biyu. Idan ya gaza haka, zai miƙa harshe ya kai ga mikin, aikinka ya tashi a banza. Na biyu, yatsunka biyu su iya shiga tsakanin ɗaurin da wuyansa. Idan ba su shiga ba, ya matse, zai shaƙe shi. Idan hannunka duka ya shiga, zai tuɓe shi kafin ka juya baya. Karnukan Azawak, irin na arewacin jihar Tawa, suna da dogon baki da siririn kai. Nasu mazurarin sai ya fi tsawo, kuma sai an kula da ɗaurin sosai, domin yana saurin zamewa.

A ranar farko kare zai ƙi abin. Zai yi ta cin karo da bango, ya tsaya cik, ko ya yi kuka. Kada tausayi ya sa ka cire. Yawancin karnuka suna sabawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka sa masa abinci da ruwa cikin ƙaramin kwano da zai shiga bakin mazurarin, ka ɗora kwanon bisa bulo. Idan ya kasa ci, ka cire masa, ka tsaya a kansa har ya gama, ka mayar nan take. Ya kwana da shi, ya wuni da shi, kwana 10 zuwa 14, ko har likita ya cire zaren ɗinki.

Kada ka bar shi ya fita yawo da mazurari. Ba ya ganin gefensa, ba zai iya kare kansa daga wani kare ba, kuma abin yana iya maƙalewa a shinge. Ka ajiye shi a inuwa. Da bazara, a watannin Afirilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a Yamai da Tawa da Damagaram da Maraɗi. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa. Saboda haka kada ka taɓa ɗaure masa baki wuni guda don hana shi lasa. Zafi zai iya kashe shi. Ruwan sha ya kasance a gabansa kullum.

Mazurarin yana da amfani ko ga raunin kunne da na fuska. Harshe ba ya isa nan, amma kare yana sosawa da ƙafar baya har jini ya fito.

Idan za ka rufe mikin

Rufewa tana taimakawa, musamman da damina lokacin ƙudaje. Ga raunin baya ko ciki ko ƙirji, ka sa masa tsohuwar rigar yaro mai tsabta, ka ɗaure saurar a bayansa. Ga raunin ƙafa, ka sa bandeji, ka zura safa a kai. Kada ka ɗaure da roba ko waya. Suna tare jini, ƙafa ta kumbura, har ta iya ruɓewa. Ka duba yatsunsa kowace rana. Idan sun kumbura ko sun yi sanyi, ka kwance ka sake ɗauri sako-sako. Ka sauya bandeji kullum, da duk lokacin da ya jiƙe. Kada ka rufe miki da leda, domin tana tara gumi da zafi.

Wasu sukan shafa abu mai ɗaci, kamar ruwan ganyen dogon yaro ko na ɓawon maɗaci. Idan za ka yi haka, ka shafa a bayan bandejin, ba a cikin mikin ba. Amma kada ka dogara da shi. Wasu karnuka ɗaci ba ya dame su, kuma kare mai naci yana cinye bandeji da safa a dare ɗaya. Riga da safa mataimaka ne, mazurari shi ne babba. Barkono kuwa azaba ce kawai.

Idan kana da karnuka biyu, ka raba su, domin ɗayan zai yi lasar da ka hana mai ciwon. Karen da aka ɗaure shi kaɗai ya fi yawan lasa saboda zaman banza. Ka riƙa zagayawa da shi da igiya safe da yamma, lokacin da rana ba ta da zafi.

Yaushe za ka nemi likitan dabbobi?

Ka je ma'aikatar kiwo mafi kusa, ko wurin likitan dabbobi mai zaman kansa ko mataimakinsa na ƙauye, idan raunin yana da zurfi ko ya buɗe baki. Ɗinki ya fi kamawa idan an yi shi cikin sa'o'i 6 na farko. Ka je idan ka danne wurin da tsumma mai tsabta minti 10 jini bai tsaya ba. Ka je idan wurin ya kumbura, ko yana wari, ko yana fitar da mugunya, ko ka ga tsutsotsi a ciki, ko karen ya daina cin abinci. Raunin cizo kuwa, ko da ƙaramin rami ka gani a waje, ɓarnar tana ciki. Irinsa yakan bukaci maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma likita ne ya san wanda ya dace da yawan da za a ba shi.

Hattara da haukan kare

Idan wani kare da ba a sani ba ne ya ciji naka, ko dila, to maganar ta wuce ta miki. Cutar haukan kare tana cikin miyau. Tana iya ɓoyewa a jikin dabba makonni ko watanni kafin ta fito, kuma idan ta fito ba ta da magani, ga dabba da mutum duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ka tsare karenka a wurin da ba zai kai ga mutane da dabbobi ba, ka sanar da ma'aikatan kiwo a ranar, ka gaya musu ko an taɓa yi masa allurar rigakafi. Su ne za su faɗa maka abin yi.

Kada ka bari kare ya lashi ciwon mutum, ko na babba ko na yaro. Idan miyansa ya taɓa maka wani yanka a hannu, ko ya cije ka lokacin wanki, ka wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ka tafi asibiti a ranar, ko da raunin bai fi ƙwarzane ba. Ka gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ya samu karen da ranar da aka cije shi.