Daga Fagen Dambe Zuwa Gidan Yari: Shari'ar Wasu Zakarun Damben Amurka

Duk wanda ya bi tarihin damben zamani a ƙasar Amurka zai lura da cewa da wuya a ƙirga manyan zakaru biyar ba a tarar da wanda ya taɓa gurfana gaban alƙali ba. Wannan ya sa mutane suka kasu biyu. Wasu na ganin cewa dambe sana'ar 'yan tauri ce, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mai ita ya ƙare a kurkuku. Wasu kuma, musamman mu baƙar fata, da zarar mun ji an ɗaure ɗan damben da muke so sai mu ce ai makircin Turawa ne. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba wasu daga cikin shari'o'in nan ɗaya bayan ɗaya, domin mai karatu ya ga cewa kalmar "an ɗaure wane" ita kaɗai ba ta isa a yanke wa mutum hukunci ba, ko na yabo ko na zargi.

Kafin a shiga cikin zancen, ya kamata a ɗan yi bayanin yadda shari'a take a can. A manyan laifuffuka, mutum 12 ne ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, watau juri, su saurari shaidu, su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Aikin alƙali shi ne kula da bin doka da kuma, a galibin jihohi, faɗin tsawon ɗaurin. Ke nan duk abin da ke cikin zukatan mutanen gari, ƙauna ce ko ƙiyayya, yana iya biyo su har cikin kotu. Sa'an nan akwai kotunan jiha da na tarayya, kuma wanda kotun jiha ta ɗaure yana iya kai kuka kotun tarayya idan yana ganin an tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi.

Jack Johnson

Jack Johnson shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe kambin duniya a ajin masu nauyi. Ya karɓe shi daga hannun Tommy Burns a birnin Sydney na Ostireliya a ranar 26 ga Disamba, 1908. Fararen Amurka ba su ji daɗin haka ba, don haka suka lallaso tsohon zakara James Jeffries, wanda ya riga ya ajiye dambe, domin ya ƙwato musu mutuncinsu. Aka kara a garin Reno ranar 4 ga Yuli, 1910, Johnson ya lallasa shi. A daren nan tarzoma ta ɓarke a garuruwa da dama, aka kashe mutane, galibinsu baƙaƙe.

Da aka rasa mai kayar da shi a fage, sai aka juya wajen doka. A cikin shekarar 1910 ɗin nan majalisa ta kafa wata doka da ake kira dokar Mann, wadda ta haramta ɗaukar mace daga wata jiha zuwa wata don aikata baɗala. An yi ta ne domin maganin masu safarar mata zuwa gidajen karuwai, amma lafazinta yana da faɗi ƙwarai, har ana iya kama mutum da ita don ya yi tafiya da farkarsa. A watan Oktoba na 1912 aka kama Johnson a kan wata farar mace. Matar ta ƙi ba da shaida a kansa, ƙarshe ma ta aure shi. Masu gabatar da ƙara ba su haƙura ba, suka nemo wata tsohuwar farkarsa, ita ma fara, wadda ya taɓa aika wa kuɗin jirgin ƙasa daga Pittsburgh zuwa Shikago. A 1913 juri wanda duk farare ne ya same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da kwana ɗaya.

Johnson ya sulale ta Kanada ya tafi Turai, ya yi shekara bakwai yana gudun hijira. A cikin wannan yawo ne ya rasa kambinsa a hannun Jess Willard a birnin Havana a 1915, a turmi na 26. A 1920 ya miƙa kansa ga hukuma a kan iyakar Meziko, aka kai shi kurkukun Leavenworth, ya fito a watan Yuli na 1921. Bayansa ba a sake barin baƙar fata ya nemi wannan kambi ba sai Joe Louis a 1937. Johnson ya rasu a haɗarin mota a 1946, kuma sai a 2018 Shugaba Donald Trump ya yi masa afuwa, shekara 72 bayan mutuwarsa.

A nan akwai abin da masu yabonsa kan tsallake. Johnson ba waliyyi ba ne, don kuwa tarihi ya tabbatar da cewa yakan doki matan da yake tare da su. Amma ba a kan duka aka gurfanar da shi ba. Abin da ya tsone wa hukuma ido shi ne launin fatar matan.

Waɗanda kurkuku ta haifa

Akwai kuma waɗanda gidan yari ne makarantarsu ta dambe. Sonny Liston bai iya karatu ba, kuma a 1950 aka ɗaure shi shekara biyar a kurkukun jihar Missouri saboda fashi da makami. Wani limamin Katolika mai kula da wasannin fursunoni ne ya ga ƙirarsa ya sa shi a dambe. An sake shi a 1952, kuma shekara 10 bayan haka ya buge Floyd Patterson a turmin farko ya zama zakaran duniya. Duk da haka tabon bai goge ba: da ya koma Philadelphia da kambinsa, bai tarar da taron masu tarye a filin jirgi ba. Bernard Hopkins ma haka ya faro. Yana ɗan shekara 17 aka yanke masa shekara 18, ya yi kusan biyar ya fito a 1988, bai kuma sake komawa ba, har ya ci kambin duniya yana da shekara 46 a 2011.

Muhammad Ali kuwa nasa daban ne, kuma sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Ya ƙi shiga soja a lokacin yaƙin Vietnam saboda addininsa, aka yanke masa shekara biyar da tarar dala 10,000 a watan Yuni na 1967. Bai shiga kurkuku a kan wannan hukunci ba, domin yana kan beli har Kotun Ƙoli ta soke shi a 1971. Sai dai an hana shi dambe shekara uku da rabi, a daidai lokacin da ƙarfinsa ke kan ganiya.

Rubin Carter

Shari'ar da ta fi kowace rikitarwa ita ce ta Rubin Carter, ɗan damben ajin matsakaita nauyi, wanda ya buge Emile Griffith a turmin farko a 1963. A daren 17 ga Yuni, 1966, wasu mutum biyu suka shiga wata mashaya a garin Paterson na jihar New Jersey suka buɗe wuta, mutum uku suka rasa rayukansu. Aka tuhumi Carter da wani saurayi da ke tare da shi a mota, John Artis. Manyan shaidun gwamnati wasu ɓarayi ne biyu da suka je fasa wani wuri a kusa a daren nan. A kan maganarsu aka yanke wa mutanen biyu ɗaurin rai da rai a 1967.

A 1974 shaidun nan suka janye maganarsu. Kotun Ƙolin jihar ta soke hukuncin a 1976, aka sake shari'a, ɗaya daga cikin shaidun ya sake juyawa ya koma kan maganarsa ta farko, aka sake ɗaure Carter. A wannan karo masu gabatar da ƙara sun gaya wa juri cewa kisan ramuwar gayya ce ta launin fata, domin a yammacin ranar wani farar fata ya kashe wani baƙi mai mashaya a garin. Sai a watan Nuwamba na 1985 wani alƙalin tarayya, Lee Sarokin, ya rushe hukuncin, bisa dalilin cewa an gina ƙarar a kan tunzura ƙiyayyar launin fata, kuma an ɓoye wa lauyoyin Carter bayanin da ya kamata a ba su. Carter ya fito bayan kusan shekara 19 a tsare, kuma a 1988 gwamnatin jihar ta janye tuhumar.

Ya kamata a lura da abin da alƙalin ya yanke. Ya yanke cewa ba a yi wa Carter shari'ar adalci ba. Kotu ba ta taɓa bayyana wanda ya yi kisan ba, kuma har yau akwai masu jayayya a kan lamarin. A nawa ganin, wannan bai rage darajar hukuncin ba, domin idan har ana iya ɗaure mutum rai da rai a kan shaidar ɓarawon da ke canza magana kamar hawainiya, to babu wanda ya tsira. Carter ya ƙare rayuwarsa a Toronto yana taimakon waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, ya rasu a 2014.

Mike Tyson

Wannan dogon tarihi na zalunci shi ne jarin da magoya bayan Mike Tyson suka ci da shi. Tyson ya tashi a unguwannin talakawa na Brooklyn, an sha kama shi tun yana yaro, kuma a gidan horon kangararrun yara aka gano bajintarsa. Tsohon mai horarwa Cus D'Amato ya ɗauke shi ya riƙe kamar ɗansa, amma ya rasu a 1985, shekara guda kafin yaron ya buge Trevor Berbick ya zama zakaran masu nauyi mafi ƙarancin shekaru a tarihi, yana da shekara 20.

A watan Yuli na 1991, a birnin Indianapolis, wata yarinya 'yar shekara 18, baƙar fata, wadda ta je gasar sarauniyar kyau, ta kai ƙara cewa Tyson ya yi mata fyaɗe a ɗakinsa na otal. Ya musanta, ya ce da yardarta. Hanyar da lauyoyinsa suka bi wajen kare shi abar dubawa ce: sun nuna wa juri cewa Tyson mutum ne mai baƙin hali da rashin kunya wajen mata, wanda kowa ya san shi da haka, saboda haka duk macen da ta bi shi ta san abin da za ta tarar. Watau dai sun mai da mugun halinsa hujja a kanta. Juri bai karɓi wannan ba. Ranar 10 ga Fabrairu, 1992, aka same shi da laifi, a watan Maris aka yanke masa zaman shekara shida, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 1993.

Tun kafin a faɗi hukuncin wasu manyan limaman cocin baƙar fata suka shiga tara sa hannun jama'a don a yi masa sassauci, ana ta kwatanta shi da waɗanda aka zalunta a baya. Abin da aka manta shi ne ita ma yarinyar baƙar fata ce, kuma ba ta da kuɗi ko sunan da zai jawo mata taron masu goyon baya. Johnson an hukunta shi ne a kan tafiyar da babbar mace ta yi da son ranta. Tyson kuwa a kan ƙarar da mace ta kai da bakinta, ta tsaya gaban kotu aka yi mata tambayoyi, mutum 12 suka gaskata ta. Haɗa waɗannan biyu a ma'auni ɗaya rashin adalci ne ga Johnson kansa.

Tyson ya musulunta a kurkuku, kuma ranar da aka sake shi, 25 ga Maris, 1995, masallaci ya fara nufa. Wannan ya ƙara masa farin jini a wajen Musulmi da yawa, har wasu suka ɗauki musuluntar tasa tamkar ta wanke shi daga tuhumar. Tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, haƙƙin wadda aka cuta kuwa yana nan daram. Bayan wata biyar da fitowarsa ya kara da Peter McNeeley, aka tashi cikin daƙiƙa 89, aka biya shi dala miliyan 25. A 1999 ya sake komawa gidan yari na 'yan watanni a jihar Maryland saboda dukan wasu direbobi biyu.

Mu ma nan Nijeriya muna da namu a cikin wannan sahu. Zuwa 1999 Ike Ibeabuchi ya yi dambe 20 bai faɗi ko ɗaya ba, ya doke David Tua a 1997 da Chris Byrd a 1999, ana ganin kambin duniya na gab da shiga hannunsa. A watan Yuli na 1999 aka kama shi a Las Vegas bisa tuhumar far wa wata mace a otal. Da farko kotu ta ga hankalinsa bai kai a yi masa shari'a ba, ta tura shi asibitin masu taɓin hankali, daga baya aka yanke masa hukunci, ya shafe fiye da shekara 14 a tsare. Alamun rashin lafiyar sun bayyana tun kafin wannan rana, amma aka ci gaba da shirya masa dambe tun da yana kawo kuɗi.

Maganar kuɗin nan ta fi fitowa fili a shari'ar Floyd Mayweather. A ƙarshen 2011 wata kotu a Las Vegas ta yanke masa kwana 90 saboda dukan uwar 'ya'yansa. Lauyoyinsa suka roƙi a jinkirta shigarsa kurkuku, domin yana da babban dambe a gaba wanda zai kawo wa birnin maƙudan kuɗi. Kotu ta yarda. Ya kara da Miguel Cotto ranar 5 ga Mayu, 2012, ya ci, ya karɓi aƙalla dala miliyan 32. Ranar 1 ga Yuni ya miƙa kansa ga masu gidan yari, farkon watan Agusta kuma aka sake shi saboda kyakkyawan hali.